Sai da kwalta ta ci gwiwata na koyi karanta jikin taya

Shekara huɗu ina hawa Boksa amma wallahi ban taɓa sunkuyawa na karanta rubutun da ke jikin taya ba. Ni dai abin da na sani in ta suɗe ka je shago ka ce a baka wata, ka matsa ta da hannu, in ka ji tauri kamar icce ka ce yauwa wannan ce, ka yi ciniki ka tafi. Lissafina mai sauƙi ne, mai tauri ita ce mai daɗewa, mai daɗewa kuma ita ce mai arha.

Harkata a kasuwar Dawanau take, gida kuma wani ƙauye ne ta wajen Dawakin Tofa, kullum sai na yi hanyar nan safe da yamma, rabi burji mai yashi rabi kwalta, wani lokacin ni kaɗai wani lokacin da buhun masara a baya, ran Juma'a kuma maman yara da ƙaramin. To a farkon watan Yuni na 2024, saura kamar sati biyu babbar Sallah, aka yi wani ɗan yayyafi da la'asar, ba ruwan kirki ba, irin wanda zai jiƙa ƙura kawai ya tayar da ƙamshin ƙasa. Duk mai hawa babur ya san wannan ruwan ya fi mamakon Agusta haɗari, don duk baƙin mai da gas ɗin da tireloli suka yi ta ɗigarwa a titi tun rani, ga ƙura ta kwanta a kai, shi ne ruwan zai kwaɓa su titi ya koma kamar an zuba miyar karkashi. Na sani, amma sani daban. Wata adaidaita ta ci birki a gabana zata ɗau fasinja, gudun da nake bai taka kara ya karya ba, na ɗan taɓa birkin gaba kawai, ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙasa ba babur na can yana ta juya tayar baya. Sannu malam, sannu malam. Mudubi ya fashe, liba ta lanƙwashe, wando ya yage a gwiwa, Allah ya taƙaita babu mota a bayana.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne tayar gaban nan da sauranta. Zanenta raɗau. Shekara biyu ina yabonta a majalisa, ina cewa ni na dace da taya, ta baya sau uku na canza ita ko gezau.

Washegari na tura babur wajen Baba mai faci, wani dattijo ne da ke da rumfa a bakin titi, tsohon ɗan acaɓa ne kafin a hana acaɓa a Kano a 2013, shi ya sa in yana maganar taya ba ta littafi yake ba, ya sha faɗuwa ne. Na bashi labari ina ta ɗora laifi kan mai adaidaita, bai ce komai ba ya tsuguna ya sa farce ya danna robar, farcen bai ko shiga ba, ya tofa yawu a yatsa ya goge gefen tayar yana juya ta a hankali har ya tsaya a wani ɗan zagaye kamar ƙwai mai lamba huɗu a ciki. Yace ɗana karanta min nan. Nace 1217. Yace to biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara, an yi tayar nan a sati na 12 na shekarar 2017, yaushe ka saye ta? Nace 2022, sabuwa dal a leda. Ya yi dariya yace sabuwa a wajenka, shekara biyar ta yi a sito tana shan zafi kafin ka zo ka ɗauke musu ita, yanzu shekararta bakwai, roba kuma ko ba a taka ta ba tsufa take tana bushewa. Ya nuna min cikin zanen, sai ga tsagu ƙanana ƙanana kamar faso a dunduniya, ni ban taɓa lura ba. Wato rashin suɗewar da nake alfahari da shi, ba kyau ba ne, ta ƙandare ne ta daina kama titi.

Bayanin da ya min ya zauna a kaina har yau. Yace ka san kilinan goge fensir, mai laushi ita ke goge rubutu tas amma tana cinyewa, wadda ta bushe kuma zata shekara a jaka amma sai dai ta zame a takarda ta ɓata maka littafi. Haka taya. Kamun titi da kake so, robar ce take nitsewa cikin kaushin kwalta tana barin ɗan jikinta a wajen, babu tayar da zata kama sosai kuma ta ƙi cinyewa, duk wanda ya ce maka akwai ciniki yake nema. Sai dai ka san inda zaka sa kowacce. Gaba ita ke juya ka kuma ita ke ɗaukar yawancin birki, in baya ta zame sau tari zaka iya tare babur da ƙafa, in gaba ta zame kafin ka ce innalillahi kana ƙasa. Baya kuma ita ke ɗaukar kaya da turin inji, ita ke suɗewa da wuri, nan kake neman mai jure wuya.

Muna cikin haka ya leƙa ta bayan, ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ya nuna min wani ɗan alama mai kusurwa uku a gefe an rubuta TWI kusa da shi, yace bi shi da yatsa zuwa cikin zanen, na bi na ji wani ɗan tudu a cikin ramin. Yace ranar da fuskar taya ta yi daidai da tudun nan ta gama aiki. Tawa a tsakiya ma tudun ya shafe, ta yi sanƙo ta baje kamar faranti. Taya biyu kenan a lokaci ɗaya, ga kuɗin da nake tarawa na layya. Da na faɗa wa maman yara cewa ta yi, Malam ragon da za a ci kana kwance a asibiti ai ba daɗi zai yi ba, ka sayi tayar a nemi ƙarami. Haka aka yi.

Na ce wa Baba ya sayo min, ya ƙi, yace je ka da kanka ka koya. Ya rubuta min a bayan kwalin sigari, gaba 2.75-17, baya 3.00-17, wanda 'yan kasuwa ke ce wa 275-17 da 300-17. Lambar farko faɗin taya ne a inci, 17 ɗin kuma girman rim. Wannan 17 ɗin ba a wasa da shi, masu Jincheng irin na da 18 suke sawa, in ka ɗauko tasu ba zata hau rim ɗinka ba ko da liba goma.

Na shiga gari wajen 'yan kayan babura a Fagge. Shagon farko ina faɗin lamba yaron ya sauko min da guda huɗu ya jera, yana cewa maigida wannan 'yar Indiya ce, wannan Taiwan, wannan Caina ce amma mai kyau, wannan kuma ta 'yan ƙauye. Yawancin tayoyin da zaka gani daga waje suke zuwa, tun da Michelin suka rufe masana'antarsu ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma suka daina yi a Legas bayan nan da kaɗan, shi ya sa dala na motsawa kuɗin taya ke motsawa. Sunayen da aka saba ji su ne MRF da CEAT na Indiya, Kenda da CST da Duro na mutanen Taiwan, sai kuma tarin wasu da zaka ga sunan ya yi kama da sananne an canza harafi ɗaya. Ni dai na tsuguna kamar yadda Baba ya yi na fara neman ɗan ƙwan nan. Yaron yana kallona yana murmushi, yace maigida kai ma an koya maka kenan. Ta farko 2021, na ajiye. Wata kuma na juya ta ciki da waje babu lambar kwata kwata, ita ce ma mafi arha, na ajiye ta nesa. 'Yan rodi sefti suna cewa shekara huɗu daga ranar da aka yi taya, kamfanoni irin su Michelin kuma suna cewa daga shekara biyar a riƙa dubawa duk shekara kada a wuce goma, ni da na ga yadda zafin Kano ke yi wa roba a sito mai rufin kwano, na yanke ba zan ɗau wadda ta haura shekara ɗaya ba.

Sai wata lamba da ban san da ita ba sai ran nan, mai shagon ne da kansa wani Alhaji ya min bayani da ya ga na nace. Bayan lambar girma akwai 41P ko 50P. Lambar nauyi ce, 41 kilo 145 ne iyakar abin da tayar zata ɗauka, 50 kuma kilo 190, shi kuma P ɗin gudu ne, kilomita 150 a awa, wanda Boksa ko a mafarki ba zai kai ba don haka ba ruwana da shi. Amma nauyin ya sa na yi shiru ina lissafi a zuci, babur kansa ya haura kilo 100, ni kilo 70 da ɗoriya, buhun masara kilo 100 kuma kusan gaba ɗayansa a kan tayar baya yake zama. Ashe duk ranar da na ɗauko buhu a bakin iyakar tayar nake, ko na wuce. Ga kuma 4PR da 6PR da 8PR, wato ƙarfin zaren da ke cikin jikinta, iya yawan lambar iya taurin gefenta da jure ƙusa da ƙaya da kaya. Alhaji yace ɗau 8PR gaba da baya ka huta da faci. Nan na ƙi, don 8PR a gaba inda babu nauyi sai dai ta riƙa tsalle a kan burji tana girgiza maka kafaɗa. Na ɗau 4PR a gaba, 6PR mai 50P a baya.

Zane kuma ya ɗan bani wahala. Waccan ta 'yan ƙauye mai manyan haƙora kamar ta tarakta ta burge ni ba kaɗan ba, don a damina akwai wani waje a hanyarmu da laka ke riƙe babur sai ka sauka ka tura. A laka da yashi ba ta da na biyu, amma a kan kwalta haƙoran ne kawai ke taɓa ƙasa, robar da ke kama titi ta ragu, ga gurnani, ga saurin gutsirewa, ni kuma a jiƙaƙƙiyar kwalta na faɗi ba a laka ba. Na zaɓi ta tsakiya, wadda zanen tsakiyarta a haɗe yake kusa kusa, gefe kuma gida gida. Ta gaba mai layi layi a tsaye da 'yan ramuka da ke kore ruwa gefe, na sa farce ya nitse ya dawo. Lambar cikin ɗan ƙwan nan, gaba 0924, baya 4823.

Yaron shagon ya so ya sa ni a 3.50 a baya, wai ta fi kyau babur zai yi kama da babba. Rim ɗin siriri ne, in ka matsa masa taya mai faɗi sai ta tattare ta yi tsini, wani lokacin ta riƙa gugar murfin kaca, ga ƙarin nauyi, ni kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ko cokali ɗaya na fetur bana so ya tafi a kwalliya. Ya kawo maganar tubles ma, wato taya mara tif, wannan da sauƙi, rim ɗina mai sifoki ne iska zata bi ramukan sifokin ta fita, sai mai rim ɗin alminiyam. Na gwanjo kuwa ko kallonsu ban yi ba. Na haɗa da tif biyu sababbi, na rataya tayoyin a wuya na dawo.

Wajen sawa ne na gane rabin aikin a nan yake. Baba ya je sallar azahar ya bar ni da yaronsa, yaro mai hanzari, ya kafe babur a dabul stan ya kwance sandar birki, ya zare shaf, ya sauke kaca, kafin ka ce me wilin baya na ƙasa. Ya cire ƙwayar bawul iska ta fita, ya taka gefen tayar da dunduniya ta saki rim, liba biyu ya fito da ita. Tsohon tif ɗin na ƙirga faci shida a jiki, yace a mayar da shi ai yana riƙe iska, nace a'a. Tsohon tif ya riga ya miƙe ya yi faɗi, in ka cusa shi a sabuwar taya sai ya ninke a ciki, wajen ninkin nan ne zai tsage wata rana kana tsakiyar gudu.

Da aka cire komai sai ga cikin rim ɗin ya yi tsatsa, robar nan da ke zagaye tana rufe kawunan sifoki ta tsinke, kan sifoki ɗaya ya leƙo da kaifi. Wato faci biyu daga cikin shidan nan ba ƙusa ba ce, daga ciki ake huda ni, ni kuma ina ta zagin masu zubar da ƙusa a hanya. Aka goge tsatsar da burushin waya, aka goge kan sifokin, aka yanko tsohon tif aka yi sabuwar ɗamara.

Yaron ya miƙa hannu zai lakato baƙin mai ya shafa a bakin taya don ta shige da sauƙi, daidai nan Baba ya dawo ya daka masa tsawa, kai sau nawa zan faɗa maka? Mai yana cin roba kuma ba ya bushewa, taya zata riƙa zamewa a kan rim tana jan tif har wuyan bawul ya tsinke. Ruwan omo aka kaɗa. Ya ɗan hura wa tif iska kaɗan don ya yi siffa kada liba ta cije shi, ya barbaɗa masa hoda, ya fara sa bawul a raminsa. Sai ya tsaya ya nuna min kibiya a gefen tayar, yace in babur na tafiya gaba nan zata riƙa juyawa, yaron kuwa har ya riga ya sa gefe ɗaya a juye, sai da aka sake fito da ita. Wasu tayoyin ma kibiya biyu ce, ɗaya in a gaba zaka sa ɗaya in a baya, suna kallon saɓanin juna. Da an bar ta a juye zanen da aka yi don ya watsa ruwa waje ba zai yi aikinsa yadda aka tsara ba, kuma ni da ba zan taɓa sani ba.

Da aka bata iska ya sa ni na bi wani siririn layi da ke zagaye gefen tayar kusa da bakin rim, yace tazararsa da rim ta zama ɗaya ko ta ina. A waje ɗaya ya nitse, aka sace iska aka ƙara ruwan omo aka bubbuga aka sake hurawa sai da ya fito daidai. In ba haka ba zaka ji babur na ɗingishi a kan titi mai kyau ka yi ta zargin shokoba. Ya girgiza wilin gaba ya ji boris ɗin da ɗan wasa, aka canza, kuɗi kaɗan ne. Wajen mayar da na baya ya ƙirga zanen da ke jikin abin ɗaure kaca hagu da dama suka yi daidai, ya bar wa kacar wasa kamar inci ɗaya, don in wili ya karkace gefe ɗaya taya zata ci.

Sai iska, wadda ita ce ta fi bani kunya. Yaron ya hura ya danna da babban yatsa ya ƙwanƙwasa da sifana yace ta yi. Baba ya ciro geji daga aljihu ya ɗora, 45. Abin da littafin babur ya ce kuwa 25 a gaba, 28 a baya in kai kaɗai ne, 32 in da goyo. Shekara huɗu da yatsa ake auna min. Iska in ta yi yawa tsakiyar taya kaɗai ke taka ƙasa, ta suɗe a tsakiya kamar yadda tawa ta yi kuma kamu ya ragu, in ta yi kaɗan taya ta riƙa lanƙwasa tana ɗaukar zafi, gefe ya cinye, mai ya tafi, in ka faɗa rami rim ya cije tif. Kuma da safe ake aunawa kafin a hau, don in ka yi tafiya iskar ta yi zafi lambar hawa take, kada ka ga haka ka sace.

Kafin na tafi yace satin farko ka bi a hankali, sabuwar taya fuskarta da sulɓi, sai ta yi kamar kilomita 100 zuwa 150 ta goge, kada ka kwanta a kwana kada ka ci birki da ƙarfi. Na bi, har abokan tafiya suna min tsiya wai tun da na faɗi na zama tsoho. A ranar na sayi ƙaramin geji mai kama da biro, yana cikin aljihun rigata tare da makulli.

Daminar nan gaba ɗaya na yi ta a kan tayoyin, bambancin a birkin gaba na fi jinsa, ka taɓa ka ji babur ya tsuguna ya tsaya maimakon wannan sulalewar da na saba da ita har na ɗauka haka babur yake. Wajen lakar nan dai har yanzu wani lokacin sai na sauka na tura, wannan na san da shi tun a shago. Ta baya da nake canzawa duk wata bakwai ko takwas, wannan karon sai da ta zagayo wata goma sha ɗaya kafin ta taɓa tudun, faci ɗaya tak, ƙayar bagaruwa. Buhu kuma in ya kai biyu yanzu mai kura nake ba. Ta gaba tana cinyewa da sauri fiye da waccan tsohuwar, ina ganin zanen na raguwa a idona, kuma ban damu ba.

Ita tsohuwar 1217 ɗin na kawo ta gida na jefa a bayan ɗaki, yara suka ɗauke suna gare da ita a ƙofar gida, har yau zanenta na nan.